Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne Aikin PyYAML?

Wani mai sauraronmu daga Unguwar Rogo, ɗalibin ilmin kwamfuta a Jami'ar Jos, ya aiko yana neman bayani game da PyYAML da fa'idarta.

To malam, asalin al'amarin shi ne YAML, wata ƙa'ida ta rubuta bayanai wadda Clark Evans da Oren Ben-Kiki da Ingy döt Net suka assasa a shekarar 2001, da nufin cewa abin da na'ura za ta karanta, ɗan Adam ma ya iya fahimtarsa ba tare da tafinta ba. Alal misali, idan dillali a kasuwar Farin Gada ya rubuta "kaya: dankali", a ƙarƙashinsa kuma "buhu: 40", to PyYAML, wadda Kirill Simonov ya wallafa a 2006, ita ce za ta ɗauki waɗannan layuka ta mai da su bayanan da harshen kwamfuta na Python ke iya hisabi da su, sa'an nan, in buƙata ta taso, ta sake mayar da su rubutu domin ajiya.

Sai dai wajibi ne a yi hattara, domin PyYAML tana bin hukuncin tsohuwar ƙa'idar YAML ta 1.1, wadda ke fassara NO da ma'anar "a'a", ta yadda alamar ƙasar Norway, wato NO, kan rikiɗe ta zama musu, muddin ba a kewaye ta da alamun zance ba. Mafi hatsari kuwa shi ne rubutun da ya zo daga hannun wanda ba ka sani ba, don yana iya ɗauke da umarnin ɓarna a ɓoye. Irin wannan, malam, kada ka buɗe shi sai da umarnin PyYAML mai suna safe_load.