Ka karya wa kanka farashi kuma aiki ya yi nisa: yaya za ka yi?

Darasinmu na yau ba na kodin ba ne, na kuɗi ne, domin a nan yawancinmu masu koyo da kanmu muke fara shan wuya.

Aikin farko da aka biya ni shi ne shafin intanet na wani Alhaji mai sayar da yadi. Da ya tambaye ni nawa zan yi masa, tsoron kada ya tafi wurin wani ya sa na ce naira 50,000. Ko ragi bai nema ba, nan take ya turo rabi kafin alƙalami. Da na san ciniki, da tun a nan na gane na yi wa kaina.

Bayan mako uku na zauna na yi lissafi. Sunan shafi da hayar masaukinsa sun ci 20,000, data da cajin kwamfuta sun ci 8,000, saura 22,000. Na riga na zuba awa 110 a aikin, wato naira 200 ke nan duk awa, kuma ban gama ba. Kai ma fara da wannan lissafin, da biro da takarda. Jin cewa an cuce ka daban, sanin nawa kake asara daban.

Daga nan sai ka koma hirarku ta WhatsApp tun daga farko, ka raba aikin gida biyu: abin da kuka yi magana a kansa kafin ka faɗi farashi, da abin da ya shigo daga baya. Kashi na farko kuskurenka ne, kai ka faɗi kuɗin da bakinka, don haka ka cika alkawari. A ganina komawa neman ƙari a kan abin da aka riga aka daidaita yana zubar da mutunci fiye da abin da zai kawo. Kashe waya a ɓace kuwa ya fi muni, domin 'yan kasuwa suna ba juna labari.

Kashi na biyu shi ne inda kake da haƙƙi. Ni abin da muka shirya shi ne shafi mai nuna kaya da lambar waya. Daga baya aka ce a sa biyan kuɗi da kati, a ɗora hotunan yadi sama da 300, a kuma haɗa da Instagram, kowanne da "ai ƙaramin abu ne". Ga saƙon da na tura masa: "Ranka ya daɗe, abin da muka yi magana a kai zan kammala shi ranar Alhamis in sha Allahu. Biyan kuɗi da kati da ɗora sauran hotuna aiki ne na daban, kuɗinsa 35,000, zai ɗauki kwana goma. In ka amince sai in fara bayan na miƙa na farkon." Ban yi ƙorafi ba, ban kuma ba da haƙuri ba. Na kwana ina fargaba, amma washegari ya amince da na katin, hotuna kuma ya ce yaron shagonsa zai ɗora. Awa biyu na yi ina koya wa yaron.

Sauran aikin da ya rage a kanka, rage masa tsada ba tare da ha'inci ba. Na so in rubuta komai da hannuna don in burge, alhali WordPress da WooCommerce kyauta ne, kuma Paystack na da manhajarsa da ake jonawa da WooCommerce kai tsaye. WooCommerce ɗin yana karɓar jerin kaya gaba ɗaya daga fayil na CSV, ba sai ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba. Kwastoma shafi mai aiki yake so, bai damu da layi nawa ka rubuta ba.

Akwai tarkon da ba ya bayyana sai shekara ta zagayo. Sunan shafi da masauki duk shekara ake sabunta su, kuma idan da dala ake biya, kuɗin yana bin canji. Wanda ya yanke farashi kafin Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ya san abin da nake nufi. Yi rajistar da sunan kwastoma da imel ɗinsa, ka rubuta masa cewa sabuntawa da gyara bayan wata ɗaya da miƙa aiki suna wuyansa. Masu aiki a Fiverr kuma su tuna kashi 20 cikin 100 na dandalin ne.

Idan aikin ya fi ƙarfinka gaba ɗaya, faɗa da wuri, ka mayar da kuɗin ɓangaren da ba ka yi ba, ka miƙa fayiloli da kalmomin sirri.

Ranar miƙa aiki na nemi izinin nuna shafin cikin ayyukana, ya ba ni. Abin da na manta shi ne in gaya masa cewa wannan farashin na farko ne kawai. Bayan wata biyu maƙwabcinsa ya kira ni, kafin mu gama gaisawa ya ce Alhaji ya faɗa masa 50,000 nake yi.