Shawarwari Ga Iyaye: Koya Wa Yaro Godiya Da Turanci

Yaron da ya tashi a gidan Hausawa ya iya godiya, ya san ya rusuna ya ce Allah ya saka da alheri. Abin takaici ne a ce ranar rubuta wasiƙa a jarrabawar WAEC ko NECO kalmar "grateful" ce za ta ci masa maki. Gyaran kuwa daga gida ake fara shi, ko da Turancin iyaye bai yi nisa ba.

1. A fara da rubutunta. Yara da yawa "greatful" suke rubutawa, a zatonsu daga "great" ta fito, alhali babu dangantaka. Tushenta "gratus" ne na Latin, shi ne kuma ya haifi "gratitude". A rubuta masa su biyun a bangon littafi, ya ga haruffa huɗu na farko iri ɗaya ne, kuma "l" ɗaya ce a ƙarshen "grateful".

2. Sifa ce, ba aikatau ba, don haka sai da ɗan rakiya: "I am grateful".

3. Nan ne aka fi tuntuɓe, a tsaya sosai. Wanda ya yi alherin "to" ake sa masa, alherin kansa kuma "for". Idan kawu ya biya kuɗin makaranta, yaro zai rubuta: "I am grateful to you for paying my fees". A lura, aikatau ɗin da ya biyo bayan "for" dole ya ɗauki "ing". Ni a ganina kada a bar wannan a littafi kawai. A miƙa wa yaron waya ya tura wa kawun da hannunsa, ya koyi nahawu, ya kuma sada zumunci.

4. "I would be grateful if you could" roƙo ne cikin ladabi, ba godiya ba. Da shi ake neman izini wurin shugaban makaranta, ko neman aiki.

5. A hana shi "Thanks God", duk da yawan masu faɗa. "Thank God" ne daidai. Haka "I appreciate" ba ta cika sai an ƙara "it".

6. Kishiyar "grateful" ita ce "ungrateful", wato butulu. Kalma ce mai nauyi, a ja masa kunne kada ya jefi abokinsa da ita wai da sunan wasa.