Filin Kimiyya da Fasaha: An Gyara Layin Mai, Mota Ta Ƙi Tashi

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan makon za mu leƙa gareji. Sau da yawa mota tana shiga hannun makaniki da ƙafarta, a wanke tanki, a sauya filta, sai a murɗa makulli ta ƙi tashi. Nan take mai mota zai ce an kashe masa inji, makaniki ya ce batir ne, rigima ta kaure. A ganinmu, wurin da hannu ya taɓa a ƙarshe shi ya kamata a fara dubawa.

Bari mu ɗauki Peugeot 504 mai kafireta, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana haɗawa. Injin fetur yana bukatar iska, mai, da tartsatsin fulogi. Idan sitata tana juya inji da ƙarfi, a ƙyale batir, ba shi da laifi.

Ga inda da yawa ke ruɗewa. Famfon mai na irin wannan mota ba na lantarki ba ne, injin ne ke motsa shi. Bayan gyara, tiyo ya bushe, filta babu komai, kwanon da ke cikin kafireta ma fanko. Dole inji ya ɗan juya kafin fetur ya taho daga bayan mota. A murɗa na daƙiƙa 10, a huta minti ɗaya, a sake. Wanda ya danne makulli babu ƙaƙƙautawa zai ƙona sitata, ya ƙarar da batir, matsala ɗaya ta zama uku.

Idan an gwada sau uku ko huɗu shiru, sai a bi fetur daki-daki. A zare tiyon da ke shiga kafireta, a saka bakinsa cikin kwalba, a cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta don kada tartsatsi ya tashi, sannan wani ya murɗa makulli. Fetur ya kamata ya riƙa tsartuwa. In bai zo ba, a dubi filta: akwai alamar kibiya a jikinta, kuma kanta kafireta za ta fuskanta. A duba ko an musanya tiyon shiga da na fita a jikin famfo. Sai wanda ya fi wahalar ganewa, wato tiyon da ba a ɗaure sosai ba tsakanin tanki da famfo. Mun karanta a darasin kimiyya cewa famfo yana rage matsin iska ne, iskar waje ta turo ruwa. Ku tuna yadda lemo ke ƙin hawowa idan tsinken zuƙa ya huje. Haka famfo zai yi ta zuƙar iska, kuma mai yiwuwa ko ɗigo ba za a gani a ƙasa ba. Abin dariya, wani lokaci tankin ne aka wanke aka manta ba a zuba isasshen mai ba.

To idan fetur yana zuwa fa? Wataƙila ya yi yawa. Inji yana son kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi. Allurar kafireta idan ta maƙale, ko an yi ta taka totur, fulogi ya jiƙe, ga warin mai. A kwance fulogi a busar, a danne totur har ƙasa a riƙe, a murɗa. Idan an cire wayoyin fulogi, a tabbata sun koma a jerinsu, 1-3-4-2 a yawancin injuna masu silinda huɗu.

Mota mai dizal kuwa ba ta jure iska a layi ko kaɗan, sai an sassauta noti an yi famfo har kumfa ta ƙare.

Abu biyu da muke gani a bakin titi ba mu yarda da su ba: zuƙo fetur da baki, wanda in ya faɗa huhu zai iya kwantar da mutum a asibiti, da tsiyaya shi cikin kafireta ana murɗa makulli. Inji kan yi tari ya watso wuta ta nan, daidai fuskar mai tsiyayar.