Sanin Halin Babbar Lamba

Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna yawan 'yan Nijeriya 140,431,790 ne, wato miliyan ɗari da arba'in, da dubu ɗari huɗu da talatin da ɗaya, da ɗari bakwai da casa'in.

Kada tsawon lambar ya razana ka, dubi wutsiyarta. Da sifili ta ƙare, saboda haka cika ce, kuma tana rabuwa gida biyu, biyar ko goma ba saura. Gida uku fa? Tara alƙalumanta, za ka sami 29. Tun da 29 ba ta rabuwa uku daidai, ita ma haka. Biyu za su rage.

Aiki: An ƙirga mutum 1,406,239 a Babban Birnin Tarayya, inda unguwar Gudu take. Lambar cika ce ko mara? Tana rabuwa uku?