An Kashe Ƙwayar Cuta, Amma Kwamfuta Ba Ta Warware Ba

Gabatarwa

Akwai wani koke da masu gyaran kwamfuta a Titin Ahmadu Bello da Kawo da Tudun Wada, cikin garin Kaduna, suka saba ji. Mutum ya kai na'urarsa an wanke ta daga ƙwayar cuta, manhajar rigakafi ta nuna ba sauran komai, amma littafin da a da yake saukowa daga intanet cikin minti guda yanzu sai ya ci rabin awa. Ga ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna mai neman kammala kundin digirinsa, wannan asarar lokaci ce da ta kuɗin data. Ilmin halittu yana da bayanin da zai haska wannan al'amari.

Tabon da Cuta ke Bari

A shekarar 1983 ne Fred Cohen, ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka, ya gwada wata manhaja mai hayayyafa da kanta, malaminsa Leonard Adleman kuma ya raɗa mata suna bairos. An aro sunan ne daga ilmin halittu, domin bairos ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar wani mai rai.

Kamancin bai tsaya nan ba. Bairos ɗin shan inna yakan lalata jijiyoyin laka masu motsa gaɓoɓi. Cikin 'yan makonni jiki kan kawar da shi, amma ƙafar da ta shanye ba ta komawa daidai don ya tafi. Haka abin yake ga kwamfuta. Manhajar rigakafi tana goge ƙwayar cutar, amma sau da yawa ba ta gyara abin da ƙwayar ta sauya.

Shahararren misali shi ne DNSChanger. Duk kwamfutar da za ta buɗe wani shafi sai ta nemi lambarsa a wani kundin adireshi da ake kira DNS. Wannan ƙwaya ta karkatar da kwamfutoci kimanin miliyan 4 zuwa kundin wasu 'yan damfara, waɗanda aka kama a ƙasar Estoniya cikin Nuwamba 2011. Hukumar FBI ta sa aka kafa kundi na wucin gadi, aka rufe shi ranar 9 ga Yuli, 2012. Daga ranar, duk na'urar da ba a gyara saitinta ba ta rasa hanyar intanet, ko da an riga an cire mata ƙwayar.

Wasu ƙwayoyin kuwa sukan dasa wata na'ura ta nesa a matsayin dillali, ta yadda duk saƙon da ya fita ko ya shigo sai ya bi ta hannunta. Wannan yana jawo nawa, kuma ya fi nawa haɗari, domin dillalin yana iya leƙen kalmomin sirri na banki.

Akwai kuma nawar da alamar sauƙi ce. Ƙwaya irin Conficker ta 2008 takan hana Windows sabunta kansa. Da zarar an cire ta, sai na'ura ta shiga sauke gyare-gyaren da suka taru mata, tamkar majinyacin da ya farfaɗo da yunwa. Irin wannan takan wuce da kanta.

Yadda Ake Gano Matsalar

Masanin kimiyya ba ya yanke hukunci sai da gwaji na kwatance. A haɗa wayar hannu ko wata kwamfutar a kan layi ɗaya, a sauke abu ɗaya. In duka biyun suna nawa, to laifin layi ne. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi nawa a sassan Nijeriya ba tare da wata ƙwayar cuta ba. A kuma lura da ma'auni: megabit 8 ne ke yin megabait 1, saboda haka layin megabit 8 ba zai sauke fiye da megabait 1 a daƙiƙa ba.

In kuwa kwamfutar ce kaɗai ke nawa, sai a cire dillalin da ba a san da shi ba, a mayar da saitin DNS yadda yake, har da na na'urar da ke rarraba layi a gida. Windows 10 da 11 suna da hanyar mayar da dukkan saitin sadarwa yadda ya zo daga kamfani. Kada a bar manhajar rigakafi biyu suna gadi lokaci guda, domin sukan yi karo su danne na'ura. In duk wannan bai yi ba, a kwashe muhimman takardu a sake ɗora Windows daga tushe.

Kammalawa

Fitar cuta daban, warkewa daban. Duk wanda aka wanke wa kwamfuta ya kamata ya nemi mai gyara ya duba saitin sadarwa a gabansa, sannan ya sauya kalmomin sirrinsa ta kan wata na'ura mai lafiya kafin ya sake shiga asusunsa na banki.