Ciwon Dajin Hanji da na Hanta: Darasi Daga Ƙasar Saudiyya

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi ciwon daji, watau sankara, wanda yake kama hanyoyin narkar da abinci, kamar tumbi da hanta da hanji. Za mu duba yadda al'amarinsa yake a ƙasar Saudiyya, domin a can an ga yadda wani nau'insa ya sami rigakafi, wani kuwa ya bunƙasa.

A shekarar 1992 hukumar ƙasar ta kafa ofishin ƙididdigar masu ciwon daji. Rahotanninsa sun nuna cewa dajin babban hanji da dubura shi ne na ɗaya a cikin maza, a cikin mata kuwa yana bayan dajin nono da na maƙoƙo. Likitocin ƙasar sun lura da abubuwa biyu. Na farko, yana kama mutanensu da ƙarancin shekaru fiye da yadda yake kama Turawa. Na biyu, da yawa ba sa zuwa asibiti sai ya riga ya yaɗu.

To, mene ne sanadi? Masana sun danganta shi da sauyin rayuwa da arzikin man fetur ya kawo. Mutanen da a da abincinsu dabino ne da madara da hatsi, tafiyarsu kuwa a ƙasa ko bisa raƙumi, sai suka koma ga yawan jan nama da maiƙo da zaƙi, ga zaman mota da na ofis. Daga nan ƙiba da ciwon sukari suka yawaita, kuma dukansu biyu suna ƙara haɗarin wannan ciwo. Haka nan shan taba, da ƙarancin ganye da 'ya'yan itace, da gado. A shekarar 2015 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sanya naman da aka sarrafa, irin na gwangwani, cikin abubuwan da suke haddasa dajin hanji.

Dajin hanta kuwa labarinsa daban ne. A ƙasashen Turai giya tana cikin manyan sanadansa. Saudiyya ta haramta giya, amma duk da haka ciwon bai bar ta ba, domin a can tushensa mafi girma shi ne ƙwayoyin cutar hanta nau'in B da C, waɗanda suke zama cikin jiki shekaru da yawa ba tare da mai su ya sani ba. A shekarar 1989 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin nau'in B, sai cutar ta yi ƙasa ƙwarai a cikin yara. A 2008 kuma aka sanya gwajin nau'o'in biyu cikin gwajin da ake yi kafin aure. Wannan ya shafe mu kai tsaye, gama nau'in B yana da yawa a Nijeriya da Nijar, allurarsa kuwa tana cikin rigakafin yara.

Dajin tumbi shi ma yana da sanadin da ake iya magancewa, watau wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, wadda ita ce kuma take kawo gyambon ciki. A yankin Jazan, kudancin ƙasar, garin taba da ake cusawa a baki, wanda suke kira shamma, ya sa dajin baki ya yi yawa.

Abin lura shi ne, dajin hanji yakan fara ne da ɗan tsiro wanda yake ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, kuma idan likita ya gan shi da wuri yana iya cire shi. Saboda haka ne a 2015 likitocin Saudiyya suka ba da shawarar a fara binciken hanji daga shekara 45, ko da mutum yana jin garau.

Ya ɗan'uwa, idan ka ga jini a bayan gida, kada ka yanke hukuncin basir ne ka yi shiru. Haka nan sauyin bayan gida da ya daɗe, da rama ba dalili, da wahalar haɗiye abinci, da rawayar ido. Kunyar likita ta sa mutane da yawa sun makara. Jikinka amana ne, neman magani kuwa bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya.