BABI NA BAKWAI: NAZARIN HARSHEN TALLA, MISALI DAGA TALLAR KYAMARA

7.1 Gabatarwa

Talla daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko akwai 'yan talla masu bin gida-gida, da dillalai, da masu maganin gargajiya da ke kirarin hajarsu a kasuwa. Bayan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a shekarar 1939, sai talla ta sami gurbi a rubuce, daga baya kuma rediyo da talabijin da intanet suka faɗaɗa ta. A wannan babi za a ɗauki tallar wani nau'in kyamara a matsayin misali, domin ɗalibi ya ga yadda kalma da hoto ke haɗuwa su ja hankalin mai saye. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya fitar da sigogin harshen talla, ya kuma bambance bayani da kambamawa.

7.2 Kyamara Mai Auna Tazara

Kalmomin "hoto" da "kyamara" da "fim" duk ararru ne daga Ingilishi. Amma nau'in kyamarar da ake magana a kanta ba ta da tsayayyen suna a Hausa, saboda haka a nan za a kira ta "kyamara mai auna tazara", bisa la'akari da aikinta. Tana da 'yan tagogi a gabanta. Idan mai ɗauka ya leƙa, zai ga abin da yake son ɗauka ya rabu biyu a tsakiya. Yana murɗa gilashin kyamarar, surorin biyu na kusantar juna, har su haɗu su zama ɗaya. Haɗuwarsu ita ce alamar an auna tazarar daidai, hoton zai fito tas.

Kamfanin Leica na ƙasar Jamus ne ya fi shahara da irinta, musamman tun daga M3 ta shekarar 1954, mai amfani da fim. Ta farko mai tsarin dijital kuwa, wato wadda ke adana hoto ba tare da fim ba, ita ce R-D1 da kamfanin Epson na Japan ya fitar a 2004, wadda hotonta ke ɗauke da ɗigo kimanin miliyan 6. Leica ya biyo baya da M8 a 2006 mai ɗigo kimanin miliyan 10, sannan M9 a 2009 mai miliyan 18.

7.3 Hotunan Samfuri

Duk lokacin da za a fitar da sabuwar kyamara, kamfani kan raba takardun talla tare da hotunan da aka ɗauka da ita. Waɗannan su ne hotunan samfuri. Bahaushe ya san wannan dabara, domin mai sayar da rogo a kasuwar Batsari manyan yake ɗorawa a saman kashi. Rogon nasa ne, bai yi ƙarya ba, sai dai zaɓaɓɓe ne. Haka hoton samfuri yake: ƙwararre ne ya ɗauka, cikin haske mai kyau, aka kuma tsamo shi daga cikin hotuna masu yawa.

Misalai biyu za su nuna abin da samfuri ke iya ɓoyewa. Na farko, bayan M8 ta shiga hannun jama'a sai aka lura baƙin yadi, musamman na roba, yana fitowa da launin shanshanbale a hoto, saboda kyamarar na kama wani haske da idon mutum ba ya gani. Sai da kamfanin ya raba wa masu saye wani gilashin tace haske da ake ɗaurawa a gabanta. Na biyu, tun daga shekarun 1950 masu wanke hoto sun daɗe suna daidaita launi da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya. Sakamakon haka, fuskar baƙar fata kan fito a dushe. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ɗauka wani saurayi daga Darini, a yankin Batsari da Safana, ya tara kuɗi zai sayi kyamara ko waya don neman abinci a wuraren biki da suna. Abin da zai ɗauka shi ne ango baƙin mutum sanye da farar babbar riga, a tsakar rana ko cikin ƙurar hunturu. Hoton wani titi a Turai da yamma ba zai gaya masa yadda na'urar za ta yi da wannan ba. In ya saya bisa samfuri kawai, jarinsa ne a kan siratsi.

7.4 Sigogin Harshen Talla

Misalan da ke ƙasa an ƙirƙire su ne don wannan darasi.

(a) Umurni: talla kan yi magana da mutum ɗaya kai tsaye. "Leƙa, murɗa, ɗauka!" Irin wannan salo tsoho ne, domin tun 1888 George Eastman ya tallata Kodak da cewa aikin mai saye shi ne danna maɓalli kawai, saura na kamfani ne.

(b) Kambamawa: "Hoton da zai yi maka magana." Ba a nufin a gaskata, ana son a ji daɗi ne.

(c) Kwatanci maras kishiya: "Ta fi kyau, ta fi ƙarko." A nahawu, aikatau "fi" yana buƙatar abin da aka fi. Mai talla kan shafe shi da gangan, don kada a ƙure shi.

(d) Amsa-kama: "Ta fito da kai raɗau, launi shar." Kalmomi irin su raɗau da tas da garau suna zana sura a zuciya ba tare da sun ɗauki wani alkawari ba.

(e) Kirari da karin sauti: "Ƙarama mai babban aiki, a aljihu kike, duniya kike gani." An mutuntar da kyamara, an yi mata kirari kamar yadda maroƙi ke yi wa basarake.

(f) Alƙaluma: "Ɗigo miliyan 18." Wannan bayani ne da za a iya tabbatarwa, amma yawan ɗigo kaɗai ba ya sa hoto kyau. Ingancin gilashi da girman allon kama haske suna da nasu tasiri.

7.5 Kammalawa

An ga cewa talla na gwama bayani da ado, kuma hoton samfuri shi ma wani nau'in zance ne. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke sa ido a kan tallace-tallace. Duk da haka, babbar garkuwar mai saye ita ce fahimtarsa. Malamin Hausa da ya koya wa ɗalibai su tambayi talla "ta fi me?" da "wa ya ɗauki hoton, a wane yanayi?" ya koya masu nahawu, ya kuma tsare masu dukiya.

7.6 Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda kyamara mai auna tazara ke aiki, cikin jimloli biyar.
2. Me ya sa ba a cewa hoton samfuri ƙarya ne, amma kuma ba a dogara da shi kaɗai?
3. Saurari tallace-tallace uku na Hausa a rediyo, ka fitar da sigogin da aka kawo a 7.4.
4. Rubuta tallar shagon hoto da za a karanta wa mutanen Safana, ka ja layi ƙarƙashin bayani, ka kewaye kambamawa.